Ruwan Da Ba A Yi A Garinmu Ba

Ina ɗan shekara goma ranar da ƙorama ta cinye rabin gonar kakana da ke fadama, inda yake shuka dawa da damina ya dasa albasa da rani. Abin da ya sa ban manta ranar ba shi ne ko ɗigo ba a yi a garinmu ba. Hadari ya haɗu can gabas bisa duwatsu, muka ji tsawa daga nesa, shi ke nan. Bayan la'asar sai muka ji ƙugi kamar na babbar mota tana hawan tudu. Kafin magariba jan ruwa ya cika ƙorama ya tumbatsa, ya ɓalle gaɓa, ya tafi da dawa, ya cike rijiyar garkar da yashi. Da safe kakana ya tsaya a bakin sabon ramin da ruwa ya yanka, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki sai ya nuna duwatsun da sandarsa ya ce da babana, lokacin da yake saurayi mutum ba ya shiga can shi kaɗai saboda duhun daji da kuraye.

Na yi shekaru ban gane abin da ya haɗa maganar kuraye da asarar gona ba. Garinmu yana ƙasar Adar ne, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ƙasa mai shimfiɗaɗɗun duwatsu waɗanda kwaruruka suka tsattsaga. Wanda ya san Keita da Buza da Tamaske da Badagishiri ya san abin da nake nufi: sama fili ne mai tsakuwa, sai gangare mai tsini, sai shimfiɗa mai ɗan karkata, sannan fadama a can ƙasa inda arzikin yake. Duk ruwan da ya sauka a kan wannan faɗin ƙasa wuri ɗaya yake nufa. Masana suna da sunan da suke kiran irin wannan yanki, ni kuwa a nan zan kira shi ƙwaryar ƙorama, domin kamar ƙwarya yake: duk ta gefen da ka zuba ruwa, a gindi zai taru. Tarihin da nake son bayarwa shi ne na yadda hukuma ta ɗauki kusan shekara hamsin tana tsaron itatuwa a ƙasarmu kafin ta yarda ta fara duban ƙwaryar gaba ɗayanta, ta tambayi kanta wane itace ne, a wane wuri, yake tsare gonar wa.

Abin mamaki, waɗanda suka yi mana mulkin mallaka sun san wannan ilimi tun kafin su zo. A shekarar 1841 wani injiniyan Faransa mai suna Alexandre Surell ya wallafa littafi kan ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunukan Alps, bayan ya yi aiki a yankin Embrun. Abin da ya gani bai bambanta da namu ba. Ƙauyuka na ƙasa suna shan ambaliya da duwatsu da laka, tsaunukan da ke samansu kuma an sare su, tumaki sun kiwace ragowar. Ya raba ƙorama kashi uku: inda ruwa ke taruwa a sama, maƙogwaron da yake bi, da inda yake zubar da kayan da ya kwaso. Ya ce maganin yana can sama inda ruwan ke taruwa. Bayan babbar ambaliyar 1856 a kogunan Rhône da Loire, gwamnatin Faransa ta yi dokar 1860 ta mayar da daji kan tsaunuka. Manoma da makiyayan tsaunukan suka ƙi, don wuraren kiwonsu ne ake killacewa. Sai da aka sake doka a 1882, wadda ta taƙaita aikin ga wuraren da haɗarin ya tabbata, ta kuma sa gwamnati ta sayi ƙasar da za ta yi wa aiki.

Wato a gidansu sun koyi darasi biyu: a fara auna ƙorama kafin a dasa itace, kuma ba a ƙwace wa talaka makiyaya kyauta. Da suka ƙetaro teku, sai suka bar darasi na biyu a gida, na farkon ma rabinsa suka ɗauko.

Dokar daji ta ranar 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, ita ce ta kafa tsarin gandun daji da muka gada. A cikinta akwai ambaton gangaren duwatsu da wuraren da ruwa zai iya yankawa, a matsayin wuraren da ya kamata a mayar musu da itace. Wannan jinin Surell ne. Amma abin da talaka ya gani a ƙasa shi ne iyaka da tara da mai kaki. An jera itatuwan da aka hana sarewa, kamar gawo da giginya, ko da a gonarka suka tsiro. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi sawun waccan kusan taku da taku. Sakamakon kowa ya san shi: manomi ya fahimci cewa ɗan itacen da ya bari a gonarsa ya zama na gwamnati, saboda haka da ya ga tsiro sai ya kai masa hauya tun bai zama abin shari'a ba. Ba wai Bahaushe bai san hana saran itace ba ne. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakuna suka ɗora wa mai sare gawo. Bambancin shi ne can an san amfanin gawon na mai gona ne.

A daidai waɗannan shekaru hankalin Turawa yana kan wani abu dabam. Wani malamin daji na jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya yankin a 1934 ya koma yana shelar cewa Sahara na tahowa kudu za ta binne ƙasashen. Maganar ta yi ƙarfi har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana daji, cikinsu da André Aubréville, suka bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937. Ba su ga rairayin da ke tafiya kamar runduna ba. Abin da suka gani lalacewa ce ta wuri-wuri, daga sara da noma da kiwo. Rahoton nasu ya fi na Stebbing gaskiya, amma labarin hamada mai tafiya ya fi daɗin faɗi, kuma shi ya rayu. Har gobe idan an tashi maganar daji a rediyo, gurgusowar hamada ake cewa, kamar abokin gaba daga arewa yake zuwa. A Adar kuwa abin da ya cinye gonar kakana daga bisa dutsen da ke bayan gari ya sauko.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka fara aikin awo na gaskiya. Masu binciken ruwa na Faransa sun kafa ma'aunai a ƙwaryar ƙoramar Kunkuzut a tsakiyar shekarun 1960, suna auna ruwan da ya sauka daga sama da wanda ya fita ta ƙorama da ƙasar da ya kwasa. A Allokoto, cikin kwarin Majiya, masana daji sun yi shekara shida daga 1966 zuwa 1971 suna gwada filaye gefe da gefe, wani an jera masa duwatsu, wani an yi masa kunya a gicciye, wani an bar shi yadda aka saba nomansa. Sakamakon ya fito a fili: jeren duwatsu a gicciyen gangare yana rage gudun ruwa da zaizayar ƙasa ƙwarai. An buga shi a mujallar masana a 1973, shekarar da yunwa ta hana kowa karatu.

Kuɗin da aka samu a wancan zamani yawanci ƙasa suka tafi, wato fadama. An gina madatsun ruwa domin noman rani, kamar na Ibohaman kusa da Keita a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma na Mozage da Zongo a kan Majiya, waɗanda ke shayar da filayen noman rani na Birnin Ƙonni. Ba zan ce aikin banza ba ne, don dubban gidaje sun ci abinci daga gare su. Sai dai an gina randa ne a gindin ƙwarya ba a kula da abin da ke zubowa cikinta ba. Kowace damina ruwa yana kawo laka da yashi daga gangaren da ya zama tsirara, madatsun suna cikewa, ruwan da suke iya riƙewa yana raguwa. A gefe guda kuma, tun 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. Mun sha yin layi muna ƴan lakwal, mushe yana gaba, kowa da ɗan dogon yaro a leda. A bakin hanya da harabar ofisoshi muke dasawa. Ban taɓa ganin an kai mu kan dutse ba.

Sai 1984 ta zo. Damina ta ƙi, hatsi ya bushe tun bai yi kai ba, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, shi ya sa a wajenmu ake kiran yunwar da El Buhari. Maza suka watse zuwa Abijan da Legas da Libiya, mata da yara suka koma cin anza. A watan Mayu na shekarar, gwamnatin Seyni Kountché ta tara babban taro a Maraɗi kan yaƙi da lalacewar ƙasa. A shekarar ce kuma aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, hukumar abinci ta duniya kuma tana biyan ma'aikata da cimaka. Mu dai furoje kawai muke ce masa. Ba'italiyen da ya daɗe yana jagorantarsa, Renato Carucci, har yau tsofaffin Keita suna ambaton sunansa.

A nan nake so in tsaya kaɗan, domin abin da ya bambanta wannan aiki da na baya shi ne yadda aka fara shi. Gundumar Keita ta kai faɗin murabba'in kilomita 4,860. Ba a raba ta bisa iyakar hakimai ko ta gandun daji ba. An raba ta ƙananan yankuna bisa yadda ruwa yake gangara, kowane yanki da ƙoramarsa, tun daga kan dutse har fadama. An ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka a farkon shekarun 1960 aka gwama da na sabon zamani. Gangaren da suke baƙi ƙirin da itace a tsohon hoto sun koma fari fat. Maganar kakana ke nan ta kuraye, ga ta a takarda. Daga nan aka yanke shawarar da take da sauƙin faɗi amma da wuyar bi: ba za a taɓa fadama ba sai an kama ruwa tun daga sama, kuma kowane hawa na ƙasar da irin aikin da ya dace da shi.

A saman dutse, inda ƙasa ta zama fako, ta daskare kamar daɓe har ruwa ba ya shigarta, sai tarakta ta farfasa ta, a yi dogayen ganuwoyin ƙasa a lulluɓe su da duwatsu, a dasa itace a bayansu, a watsa irin ciyawa. Wannan wurin kiwo ne da itacen wuta. A gangare mai tsini, inda mota ba ta hawa, hannu ne kawai: ana haƙa ramuka masu tsawon mita 3, zurfinsu ya ɗan wuce rabin mita, a gicciye, ɗaya yana toshe tsakanin biyun da ke samansa, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A tsakiyar kowane rami a dasa itace ɗaya mai ƙaya mai jure fari, dangin bagaruwa da dakwara. A shimfiɗar da ke ƙasan gangare kuma, ganuwoyi ne masu tazara don a sake noma wurin da aka daɗe da barinsa. Cikin ƙoramu ana gicciya ragar waya cike da duwatsu domin karya ƙarfin ruwa, ya ajiye yashinsa, ya nitse. Sai a fadama a yi shingen itatuwa na tare iska da madatsun da ke baza ruwa kan gonaki maimakon ya wuce a guje.

Mata ne suka yi mafi yawan wannan aiki, don maza ba sa gari. Innata na cikinsu. Da asuba take fita da diga da ƙwarya, ƙanwata a bayanta, su hau dutse su yi ta fasa tsakuwa har rana ta take. Da yamma ta dawo da hannu duk kanta. Abin da ake ba su hatsi ne da mai da ɗan abin gwangwani, kuma shi ya riƙe gidanmu shekara biyu. Na taɓa tambayarta, bayan na girma, ko a lokacin ta yarda ramukan nan za su yi wani amfani. Ta yi dariya ta ce, ɗana, wa ya damu da rami, tiya muke nema. Ta ce sai damina ta uku, da ta ga ruwa kwance cikin ramukan kwana biyu bayan an ɗauke, ciyawa kuma ta fito a inda ba ta taɓa ganin kore ba tun aurenta, sannan ta fara kallon dutsen da wani ido. A cikin kusan shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000.

Akwai kuskuren da ya kamata in kauce masa, wanda masu wa'azin dashe suke yawan yi, wato cewa itace yana haifar da ruwa. Itace shan ruwa yake yi. Tun tuni aka gwada wannan a Amurka, a wani wuri da ake kira Wagon Wheel Gap a jihar Kolorado: ƙoramu biyu maƙwabta, an auna su tun 1910, aka sare dajin ɗaya a 1919, aka ci gaba da awo har 1926, sai ruwan da ke fita daga wadda aka sare ya ƙaru. Saboda haka amfanin itace a ƙasa irin tamu yana wajen sauya hanyar ruwan ne da saurinsa. Saiwa da ganyen da ya zuba da gara da ke cin ganyen su ne ke buɗe ƙasa, ruwa ya shiga ciki ya tafi a hankali zuwa rijiya, maimakon ya bi sama cikin awa ɗaya ya ɓalle gaɓa. Wannan ne ya bayyana wani abu da ya ɗaure wa masana kai a shekarun fari. A 1987 Jean Albergel ya nuna cewa a wasu ƙoramun Burkina Faso ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke gudu a ƙasa ya ƙaru. An tarar haka abin yake a wurare da yawa na Sahel. Mutanen Yamai sun san shi a jikinsu: jan ruwan damina da Sirba da Dargol da Goruwal ke zubowa cikin kogin Kwara shi ne ya yi musu ɓarna a 2012 da 2020.

Ba na cikin masu ɗaukar aikin Keita kamar abin da ba shi da aibi. Ya ci kuɗi da manyan injuna waɗanda ƙauye ba zai iya saya ko gyarawa ba. A gundumar Illela, wajen Badagishiri, an bi wata hanya mai araha: a 1989 aka kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki, suka dawo suka inganta tassa da rabin wata a gonakinsu, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an biya kowa ba, har fako ya zama abin saye da sayarwa. Amma tassa gonar mutum ɗaya take gyarawa. Gangaren dutse ba na kowa ba ne, don haka babu wanda zai hau shi da diga don kansa. Wannan wurin sai an yi shawara ta gari da gari, kuma sai an san wace ƙorama ce ke ɗaukar ruwansa, su wa kuma ke zaune a bakinta.

Wani abin kuma da hoton jirgin sama ba ya nunawa shi ne mai ƙasa. Taswira tana gaya maka inda ruwa ke bi, ba ta gaya maka cewa fakon nan kakan wane ne ya fara sare shi, ko burtalin Fulani da Buzaye ta nan ya ratsa ba. Muddin wuri fako ne babu mai kula da shi. Ran da ya fara fitar da ciyawa sai magada su bayyana. A garinmu gidaje biyu da suke surukan juna sun yi shekara bakwai ba sa gaisawa saboda wata shimfiɗa da a da ko jaki ba ya tsayawa a kanta. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo suna ƙoƙarin cike wannan giɓi, ta hanyar kwamitocin filaye da ba wa jama'a hannu a dajin da ke kusa da su. Faransa ta ɗauki shekara ashirin da biyu tsakanin dokarta ta farko da ta biyu. Mu daga 1935 zuwa 2004 muka jira.

Ƙorama kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. Majiya, wadda ƙungiyar CARE ta fara jera mata layukan dogon yaro na tare iska tun 1975 a wajen Buza, tana gangarowa ta wuce Ƙonni ta shiga Najeriya ta ƙare a tafkin Kalmalo, kusa da Illelar jihar Sakkwato. Duk abin da aka tare a samanta, mutanen Kalmalo ne ke jin sa a kifinsu da garakensu. A Gulbin Maraɗi kuwa abin ya juya: ruwan daga ƙasar Katsina yake fitowa, madatsar Jibiya tana sama, mu ne a ƙasa. Wannan ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990 game da ruwan da suka yi tarayya a kai, wato Majiya da Gulbin Maraɗi da Tagwai da ƙarshen Komadugu Yobe. Kowane ɓangare yana da ƙoramar da yake sama da wadda yake ƙasa, saboda haka ƙorafin da zai kai a kan ɗaya shi ne za a kawo masa a kan ɗayar.

Bara da kaka na je gida. Na hau dutsen tare da ɗan ƙanena, wanda bai taɓa sanin wurin ba itace ba. Ramukan da su Inna suka haƙa sun cike da ƙasa, sai ka lura sosai za ka ga layinsu, amma itatuwan suna tsaye a jere, sun fi mutum tsawo nesa. A gefen yamma na tarar da kututture sababbin sara, da sawun amalanke ya nufi hanyar Tawa, inda ake sayar da itacen wuta. Daga nan bisa ana hango fadama sarai. Ramin da ruwa ya yanka a gonar kakana yana nan, sai dai ragar duwatsun da aka gicciya a samansa ta tara yashi har ya kusa shafewa, kuma ƙanena ya sake haƙa rijiya kusa da inda tsohuwar take. Wayar ragar ta tsinke a kusurwa ɗaya, duwatsu sun fara zubewa. Na nuna wa yaron, ya ce ai tun bara waccan take haka, an kai magana wurin mai gari, ana jiran a ga wanda zai kawo waya.